Kawuna Goma a Takarda Ɗaya: Sharhi Kan Fostar Fim

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar masu tura fim a waya, ko a bakin Babbar Kasuwar Maraɗi ko a lungunan Sabon Gari, ya san yadda bangon wurin yake. Fostoci ne a jere, wata kan wata, kuma kusan duk fasalinsu ɗaya. Babban jarumi a tsakiya ya haɗe rai, jaruma a gefensa ta ɗan karkatar da kai, a bayansu dattijon da ya fito a uba, can ƙasa ɗan barkwanci ya zare ido. In da sauran wuri a cusa mota, a cusa bene, a ƙara harshen wuta ko da babu gobara a fim ɗin. Sunan fim an rubuta shi da ruwan zinariya, an yi masa inuwa, an yi masa ƙyalli, sannan ga lambobin waya da tambarin kamfanoni sun yi masa ƙawanya. Ka tsaya ka ƙare musu kallo, ka juya baya, a ce maka wacce ka riƙe a kai. Da wuya ka ambaci guda.

Akwai wani salon haɗa fosta da ya saɓa wa wannan. Masu yinsa suna taƙaita zanen ne iya taƙaitawa: abu ɗaya a tsakiya, launi biyu ko uku, sunan fim, sauran kuma a bar shi fili. Wasu matasanmu masu zane da kwamfuta suna sha'awarsa, sai dai in ka tambaye su dalili sukan ce ai shi ne wayewa, haka Turawa ke yi. Wannan hujja ba ta gamsar da ni, kuma ba za ta gamsar da furodusan da ya zuba kuɗinsa ba. Salon yana da hujjojin da suka fi haka ƙarfi, kuma yana da iyakar da masu yabonsa ba su cika faɗa ba.

A fara da ido kansa. Mutum yana jin kamar yana ganin duk abin da ke gabansa tas, alhali ɗan wurin da ke gani sosai a tsakiyar ido bai wuce kusurwar digiri 2 ba, wato kwatankwacin faɗin babban yatsanka in ka miƙe hannu. Abin da ke wajen wannan dishi-dishi ne. Shi ya sa ido ba ya zama wuri ɗaya, tsalle yake yi daga nan zuwa can kamar sau uku ko huɗu a daƙiƙa guda, ƙwaƙwalwa tana harhaɗa abin da ya tsinto. To mutumin da kabu-kabu ya ɗauko ya wuce da shi ta gaban bango, daƙiƙa biyu gare shi, tsalle shida zuwa takwas ke nan. Kuma babu abin da ke fisgar idon ɗan Adam kamar fuskar ɗan'uwansa. Kowace fuska a takardar sai ta karɓi nata kason. In fuskokin goma ne, kafin ido ya kai ga sunan fim babur ya sha kwana. Mai faci a bakin titi ya daɗe da gane wannan. Tsohuwar taya ɗaya yake ratayawa a jikin bedi, kuma mai babur da ya yi faci tun daga nesa ya san inda zai turo abinsa.

Masu tallan kaya a Jamus sun riga 'yan fim kama wannan hanya. Wajen 1905 wani matashi, Lucian Bernhard, ya yi wa kamfanin ashana na Priester fosta da babu komai a cikinta sai tsinken ashana biyu da sunan kamfanin a kan baƙin fili, a zamanin da ake cika talla da furanni da 'yan mata da ƙawa iri-iri. A harkar fim kuwa, sunan da ake fara ambata shi ne mai zane Saul Bass, Ba'amurke, wanda ya rayu daga 1920 zuwa 1996. A 1955 darakta Otto Preminger ya yi fim ɗin The Man with the Golden Arm, labarin wani da shaye-shayen ƙwaya ta allura ya kama. Frank Sinatra ne jarumin, kuma a lokacin fuskarsa kaɗai ta isa ta cika sinima. Bass ya mayar da hotunan jaruman ƙanana, ya ba wa wani baƙin hannu a murɗe, mai kama da wanda aka yanko da almakashi, tsakiyar tallar. A 1959 ya ƙara gaba a fim ɗin Anatomy of a Murder: gawa ce baƙa, an yanka ta gunduwa-gunduwa kamar takarda, a kan launin ruwan lemo, an rubuta sunan fim a jikin sassan. James Stewart ne ya ja fim ɗin, amma sunansa kawai aka sa.

Wadda ta fi dacewa a tsaya a kanta ita ce fostar Jaws ta 1975, fim ɗin Steven Spielberg, wadda Roger Kastel ya zana. Abu biyu ne a ciki. A sama, a kan ruwa, wata mace tana iyo hankalinta kwance. A ƙasa wani ƙaton kifi mai cin mutane ya taso tsaye, baki buɗe, haƙora cako-cako, girmansa ya ninka nata sau da yawa. Sunan fim da jan rubutu a can sama. Manyan jarumai uku ne a fim ɗin, Roy Scheider da Robert Shaw da Richard Dreyfuss, babu fuskar ko ɗaya. Abin lura shi ne ruwan da ke tsakanin bakin kifin da cikin matar. Wannan ɗan fili da babu komai a cikinsa shi ne ke tayar da tsikar jiki, domin mai kallo ya ga abin da ita ba ta gani ba, kuma ya san saura ƙiris. Da an cika wurin da kwale-kwale da 'yan sanda da taron jama'a, da tsoron ya tsere. Nijar ba ta da teku, kuma akwai dubban mutane a Tibiri da Madarumfa da ba su taɓa jin sunan wannan kifi ba, amma nuna wa kowannensu hoton, ba sai an yi masa tafinta ba. Haka fostar Alien ta 1979: ƙwai ɗaya ya tsage, wani koren haske yana fitowa, ko'ina baƙi ƙirin. Dodon da aka yi fim ɗin dominsa ba a nuna ko farcensa ba, sai ka biya ka shiga.

Abin da waɗannan fostoci suka yi tarayya a kai shi ne wani ya zauna ya yanke hukunci. An tambayi kai, wannan fim a kan me yake, kuma an amsa da abu ɗaya. A ganina nan ne babban amfanin salon yake, ya fi batun kyau nesa. Fosta mai kawuna goma tana gaya maka waɗanda suka fito. Ba ta gaya maka abin da ya faru da su, kuma sau da yawa dalilin shi ne masu fim ɗin kansu ba su tsayar da magana ɗaya ba. Soyayya ce, rikicin gado ne, barkwanci ne, wa'azi ne? Duka, in ji su. Furodusan da aka ce ya zaɓi hoto ɗaya tak da zai wakilci labarinsa ya kasa, to ya koma ya sake duba labarin.

Masu cewa wannan salon na masu hannu da shuni ne, su dubi Kyuba. Bayan juyin juya halin 1959 aka kafa hukumar fim ta ƙasar, ICAIC, kuma fostocinta sun yi suna a duniya. Da hannu ake buga su, irin bugun da ake yi wa riguna a nan garin: a shimfiɗa raga, a zuba fenti, a ja. Kowane launi sai an yi masa nasa bugun daban, ga ƙarancin fenti da takarda, don haka dole mai zane ya yi tattali, ya faɗi maganarsa da launi kaɗan. A Folan ma, daga shekarun 1950, masu zane irin su Henryk Tomaszewski da Jan Lenica sun samu sarari saboda gwamnati ce ke rarraba fina-finai, babu kamfanin da zai tsaya musu a kai ya ce sai an sa fuskar wane. Talauci ya taimaki na farko, rashin mai matsa lamba ya taimaki na biyu.

To mu me ya sa tamu ta cika maƙil? Ba jahilci ne ya kawo haka ba, kuma duk wanda zai gyara abin sai ya fara fahimtar asalinsa. Idonmu ya tashi ne da fostocin fina-finan Indiya, waɗanda tun zamanin zanen hannu ake tara jarumi da jaruma da bos da mai rawa a allo ɗaya. Da fim ɗin Hausa na bidiyo ya kankama a Kano, daga fim ɗin Turmin Danya a 1990, sai aka gaji wannan fasali, kuma kasuwa ta ƙara masa ƙarfi. A zamanin kaset, kwalin ne ainihin hajar. Furodusa yakan buga kwalaye ya sayar wa 'yan kasuwa irin na Ƙofar Wambai, su kuma su kwafi kaset su zura a ciki. Daga nan kaya su biyo ta Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, su sauka Maraɗi. Mai saye ba shi da halin leƙa fim kafin ya biya, tambayarsa ɗaya ce, wa da wa suka fito? Kowace sananniyar fuska a kwali wani tabbaci ne cewa kuɗinsa ba za su tafi a banza ba, kuma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ga shi da yawa daga masu sayen ba su karanta boko, wasu ajami suka iya, wasu Faransanci suka yi a lakwal, rubutun Hausa sai sun tsaya sun haɗa baƙi. Fuska kuwa kowa na karanta ta. A zamanin marigayi Rabilu Musa Ibro, ganin fuskarsa a kwali ya wadatar, an san dariya za a sha.

Sai kwamfuta ta zo ta cire birki. Da manhajojin zane irin su Photoshop da CorelDraw, ƙara mutum a fosta aikin 'yan mintoci ne, kuma injin buga manyan ledojin talla ba ruwansa da yawan launi, da mita yake lissafi. Ko launi biyu ka sa ko ɗari biyu, kuɗin ɗaya ne. Abin da ya tilasta wa mutanen Kyuba tattali mu babu shi.

Akwai kuma batun girma da kunya, wanda a ganina ya fi duk sauran wuyar warwarewa. A Holiwud a rubuce yake cikin yarjejeniya: girman sunan jarumi, inda za a ajiye shi, wani lokaci har da cewa in an sa hoton wane dole a sa na wane. A fim ɗin The Towering Inferno na 1974 an rasa wanda za a fara rubutawa tsakanin Steve McQueen da Paul Newman, sai aka sa sunan McQueen a hagu amma ƙasa-ƙasa, na Newman a dama amma ya ɗan ɗara tsawo, don kowa ya ce shi ne na farko gwargwadon inda aka fara karatu. Mu ba mu cika rubuta irin wannan ba, amma zumunci ya fi takarda ɗauri. Shiga shagon mai haɗa fosta a ranar da furodusa ya zo karɓar aiki, za ka ji irin wannan:

"Malam, wannan filin na sama fa? Ko ba ka gama ba?"

"Na gama, Alhaji. Da gangan na bar shi don sunan fim ya fito."

"A'a, cika shi. Sa hoton Baba da ya fito a liman, kada ya ce mun raina shi. Ita ma Hajiya ka ƙara mata girma, ta kira ni jiya."

Yaron ba zai yi musu ba, Alhaji na gaba da shi kuma shi ke biya. Sai ya ja linzamin kwamfuta ya matse sunan fim, ya buɗa wa Baba wuri. Baba fitowa biyu ya yi a fim ɗin.

Duk waɗannan dalilai ne na gaske, sai dai yawancinsu na zamanin kwali ne, kuma kwali ya tafi. Fostar sinima a Amurka tana da ma'auni sananne, inci 27 a faɗi da 40 a tsawo, ya ɗan haura mita guda ke nan. Ana zana ta don wanda zai tsaya a layin tikiti ya yi ta kallo. Yau fostar fim ɗin Hausa a ina take zama? A sitatus ɗin WhatsApp, a shafin Facebook, a ɗan hoton da ke gaban bidiyo a YouTube, wanda a fuskar waya bai fi kwalin ashana ba. Kamfanin Netflix mai haska fina-finai ta intanet ya wallafa a 2016 abin da ya gano game da masu kallonsa: mutum yakan ba kowane fim daƙiƙa 1.8 ne a matsakaici kafin ya wuce, kuma hoton ne ke cin mafi yawan hankalinsa. Sun kuma lura cewa da zarar mutanen da ke hoto sun haura uku, jan hankalinsa yakan ragu. Masu kallonsu ba mutanen Maraɗi ba ne, amma babban yatsan da ke murza waya iri ɗaya ne. Ƙara da cewa WhatsApp yana matse hoto don ya rage nauyi, duk wani ƙaramin rubutu da siririn ado sai ya dagule, sannan a kalle shi a ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi cikin hasken rana. Fuskar Baba a nan ɗigo ce kawai, ko iyalinsa ba za su shaida shi ba.

Ko wadda aka manna a bango, rana da ƙurar hunturu ba sa raga mata. Duba tsofaffin fostoci a kowace tasha, za ka ga duk sun koma shuɗi-shuɗi, saboda ja da rawaya su ke fara ƙonewa a rana, shuɗi da baƙi su ke jurewa. Fuskokin da aka jera sai su narke su zama abu ɗaya. Zane mai baƙi a kan fari, ko siffa ɗaya babba, yakan kai wata da watanni ana gane shi.

A binciken nan na Netflix akwai wani abu da masu son taƙaitawa kan tsallake. Hoton da ya fi jan mutane shi ne mai fuskar da ke nuna wani yanayi, fushi ko tsoro ko makirci. Wato ba a ce a kori fuska ba. Kuma wasu shahararrun fostocin da ake kafa hujja da su sun ci gajiyar abin da jama'a suka riga suka sani ne. A 1989 an yi tallar Batman da tambarin jemage kawai, baƙi da ruwan zinariya, da ranar fitowa, ko sunan fim babu. Ta yi aiki domin tun 1939 yaran Amurka ke ganin wannan gwarzo a littattafan zane, shekara 50 ke nan. Ƙwarangwal ɗin da ke tambarin Jurassic Park na 1993 ma daga bangon littafin da aka ciro fim ɗin ya fito, littafin da ya riga ya karaɗe kasuwa. Su kuma fostocin da masoya fim ke zanawa suna watsawa a intanet, takalmi ɗaya ko mabuɗi ɗaya a kan fili, wanda ya kalli fim ɗin ne kawai ke gane su. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, amma talla da wanda bai sani ba take magana. Matashin da ya yi fim a unguwar Zariya da abokansa, babu wanda ya san su, in ya zana mabuɗi ɗaya a baƙin fili ya ce ya yi irin ta Turawa, ya ɓoye fim ɗinsa ne da hannunsa. Cikowa ma ba kullum take zama aibi ba. Mai zane Drew Struzan ya tara kawuna a fostocin Star Wars da Indiana Jones, amma ya san wanda zai fi girma da inda haske zai faɗa, ido yana shiga ta ƙofa ɗaya ya bi hanya.

Saboda haka abin da ya dace da kasuwarmu, a nawa ganin, shi ne fuska ɗaya da aka sani, alama ɗaya da ke ɗauke da labarin, da suna mai kaurin da za a karanta a kwalin ashana. Alamomin kuwa muna da su jibge, waɗanda ba sa bukatar bayani. Tun 1975 ake gasar kokowa ta ƙasa, wadda zakaranta ke lashe takobi, kuma babu ɗan Nijar da zai ga takobi a tsakiyar fili mai rairayi ya tambayi me ake nufi. Fim a kan kishi: uwargida ita kaɗai, ta juyo tana kallonka, a bayanta akwatunan lefe da ba nata ba. Ba sai an sa amarya ba, ba sai an sa miji yana riƙe da kai ba, duk macen da ta gani ta gama karanta labarin. Fim a kan masu bin hanyar Agadas zuwa Libiya: jarka ɗaya a kwance cikin rairayi, murfinta a buɗe. Irin wannan zane yana da wata riba ta gefe, yana raba mai fim da surutun an tsaya kusa da juna ko an yi shigar da ba ta dace ba, abin da ya sha haɗa 'yan fim da hukumar tace fina-finai ta Kano tun kafa ta a 2001.

Batun Baba da Hajiya ma yana da mafita, kuma ba sabuwa ba ce. Manyan kamfanoni sukan fitar da fosta iri biyu ko fiye: ta farko mai alama ɗaya don tayar da sha'awa, ta biyu mai jarumai idan fitowa ta matso, wani lokaci har kowane jarumi a yi masa tasa shi kaɗai. Da can wannan sai mai kuɗin bugu. Yanzu da yake yawanci a waya za a watsa, babu kuɗin takarda. Baba ya samu tasa shi kaɗai da rawaninsa, ya sa a sitatus, ya fi masa daraja a kan a maƙale shi a kusurwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen biyan mai zane da lokacin da ake ba shi. Saul Bass ya yi aiki da Preminger a fina-finai da dama, kuma shi ke tsara har rubutun da ke buɗe fim ɗin, don haka ya san labarin ciki da waje kafin ya ɗauki almakashi. Namu kuwa hotuna ake turo masa ta WhatsApp da daddare, a ce ana so kafin gari ya waye, bai kalli fim ba, ba a ba shi labari ba. Kuma ana auna ladansa da yawan abin da ido ya gani a takarda, in ya bar fili sai a nemi ragi. Alhali gano jarkar nan ɗaya ya fi yanko hoto goma cin lokaci. Furodusan da ke son irin wannan fosta sai ya ba mai zane labarin tun ana ɗaukar fim, ya bar shi ya zo wurin ɗauka da kyamararsa, ya ba shi 'yan kwanaki, kuma ya biya shi cikakken kuɗinsa ko da rabin takardar fili ne.